Dada Ta Tafi, Ta Bar Mana Goggo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dada, uwar mijina, ta rasu da hantsin wata Laraba a gidanta na Yelwa, nan Jalingo, bayan 'yar gajeriyar jinya. Kafin a gama yi mata wanka gida ya cika har bakin titi.

Wani mai keke napep ya bar kekensa a tsakiyar layi, ya shigo zaure ya durƙusa yana kuka da majina, ƙato da shi. Ya ce a wannan zauren ya yi ta kwana lokacin da ya zo gari neman aiki, kuma Dada ba ta taɓa tambayarsa ko shi ɗan wane ne ba. Wata mata da ban taɓa gani ba ta rungume ni, tana nuna ɗakin tsakiya, wai a nan ta yi wankan jegonta na fari. Maƙwabciyarmu mai ƙosai kuwa, wadda suka tsufa tare da Dada, ta tsaya a bakin ƙofa tana duban tulin takalman jama'a. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To, yau ma dai gidan kamar kullum. Ita kaɗai ce babu."

A tsakar gida mata suka kasu biyu. Dangin Dada, Fulanin garin Mutum Biyu, suna gindin mangwaro. Dangin marigayi mijinta, Kanawan unguwar Sarkin Dawaki masu ɗinki da sayar da yadi, suna ta wajen rijiya. Tsakaninsu, a bakin ƙofar sito, wata tsohuwa 'yar siririya tana zaune ita kaɗai a kan tabarma. Duk gidan Goggo muke ce mata. Duk wanda ya wuce sai ta ɗaga kai ta ce da Hausarta ta koyo, "Dada ya dawo?"

Ƙanwar Dada, wadda muke kira Yapendo, ta yafito ni. Ta rage murya ta ce, "Ke matar Auta, waccan tsohuwar ta wajen mijin Dada, yaya suke da shi ne? Shekara da shekaru ina ganinta, kunya ta hana ni tambaya."

Na ce, "Yapendo, ai mu ɗauka muke taku ce."

"Tamu? Ko Fillanci ba ta ji!"

Ban kai rijiya ba sai ga babbar gwaggon mijina ta Sarkin Dawaki ta riƙo hannuna. "Yarinya, idan mutanen Mutum Biyu za su koma, ki tuna musu tsohuwarsu, kada su manta da ita."

Kowane ɓangare ya ɗauka ta ɗaya ɓangaren ce. Mutum ɗaya ce ta san daga ina Goggo ta fito, ga ta can an ɗauke ta a makara. Ni kuma na riga na ji ƙishin-ƙishin cewa gidan nan sayarwa za a yi a raba gado. Tun daga wannan lokaci har yau da nake rubutun nan, tambaya ɗaya ce ta dame ni: ina za a kai Goggo?

Bari in gaya muku wace ce Dada, don kada a yi zaton sakaci ne ya jawo.

Ranar da aka kawo ni gidan nan, na tarar da buhunan masara a bayan gadon amarcina. Na kasuwa ne, wani ɗan'uwa ya ajiye kafin farashi ya tashi. Da asuba na fito da butata zan kama ruwa, na iske layi a bakin banɗaki kamar na gidan mai. Tsofaffi, masu ciki, wani mutum da ƙafa a naɗe. Na koma ɗaki na ce wa Auta, mijina, "Biki ya ƙare, yaushe mutanen nan za su tafi?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Wane biki? 'Yan biki sun tafi tun jiya. Waɗannan 'yan gida ne."

Ashe haka abin yake. Duk wanda ya taso daga ƙauye zuwa Jalingo, ko asibiti, ko jarrabawa, ko bin sawun fansho, ko yaji, gidan Dada yake sauka. Wanda ya sauka kuma sai ya koma ya kwatanta wa wani. Da ta ji sallama sai ta ce "Jabbama", marabarsu ta Fulani ke nan, ta miƙa kofin ruwa, ta juyo ta ƙwala mini kira: "Matar Auta, ƙara ruwa a miyar nan." Miyar gidanmu ta sha ruwa, Allah ya sani. Akwai ranar da na ce mata, "Dada, idan na ƙara, kuɓewar sai an nemo ta da fitila." Ta ce, "To a kunna."

Bayan magariba take rabon makwanci. Takan tsaya a tsakar gida da tabarmi a hammata kamar mai raba fili. Maza zaure. Masu tari can wajen rumfa, inda iska take. Mai jego ɗakin tsakiya. Yara kuwa duk inda ƙafa ba ta taka ba. Kalmarta ɗaya ce, "Matsa kaɗan." Ka matsa, ta ce ka ƙara. Na taɓa ganin ta sa wani alhaji mai tumbi ya kwanta a karkace don wani ɗalibi ya samu wuri, kuma bai ce uffan ba.

Abu biyu ne ba a yi a gidanta. Ba a tambayar baƙo dangantakarsa da gidan, kuma ba a tambayarsa yaushe zai tafi. Idan ka kuskura ka yi, ba za ta yi maka faɗa ba. Kallonka kawai za ta yi, ta ce, "Ashe?" Wannan "ashe" ɗin ya fi mari ciwo.

Amma fa Dada ba wawuya ba ce, tana da hanyar sallamar mutum. Idan ta ga baƙo ya gama abin da ya kawo shi, ƙafa ta warke ko jarrabawa ta ƙare, sai ta ɗauko tsohon ɗankwali ta ƙulla guzuri. Daddawa, kuka, ƙuli-ƙuli, sabulu sanda guda. Ta ajiye a kan tabarmarsa ba tare da ta ce komai ba. Kowa ya san ma'anar ƙullin nan. Washegari mutum zai zo ya durƙusa ya ce, "Dada, zan koma." Ita kuma ta buɗe ido kamar abin ya zo mata ba zata, ta ce, "Haba, tun yanzu?" Shi ya tafi da mutuncinsa, ita ta zauna da nata.

Mutum ɗaya ne ya taɓa gagarar ƙullin. Wani kawu ne daga wajen Mutum Biyu, ya zo cire haƙori da farkon damina. Aka cire haƙori, aka yi shuka, aka yi noman fari, Kawu yana zaure yana sauraron rediyo. Dada ta ajiye masa ƙulli. Da safe muka tarar ya kwance shi, ya cinye ƙuli-ƙulin, ya yi wanki da sabulun, ya kawo mata ɗankwalinta a ninke yana godiya. Ni dariya ta hana ni tsayuwa, na shige kicin. Dada ko gezau. Ta sake ƙulla wani, ya fi na farko girma, wannan karon har da busasshen kifi. Ta kai masa da kanta, ta ce, "Wannan na matarka ne, kifin ba ya son ajiya." Kafin azahar Kawu yana tasha.

Goggo kaɗai ce ba a taɓa ajiye wa ƙulli ba. Na same ta a gidan, ita ke tsince shinkafa, ita ke korar kaji daga shanya. Ba ta da yawan magana. Wata rana muna ɓarar gyaɗa na yi ƙarfin hali na ce, "Dada, ita Goggo fa, ba a ƙulla mata ne?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Mai wurin zuwa ake ƙulla wa."

"To wai ita wace ce?"

"Goggo ce mana. Ba ki ji ana kiranta ba?"

Iyakar abin da na taɓa samu daga bakinta ke nan.

Kada wani ya ɗauka zaman lafiya muka yi ta yi ni da Dada. Mun yi faɗa, faɗa na gaske. 'Ya'yana mata biyu sun fara girma, ba su da inda za su canza zane sai bayan ƙofa, ɗaya ta tsaya gadi ɗaya ta sa kaya. Littafin makaranta idan an ajiye, sai a same shi an yi fifita da shi ko an naɗe goro. Rannan babbar ta fito daga wanka da zane a ƙirji, ta yi kiciɓis da wasu samari baƙi a tsakar gida, ta ruga kicin tana kuka. Ni kuwa raina ya ɓaci, na manta da surukuta. Na tsaya gaban Dada, a gaban baƙinta, na ce, "Wai nan gida ne ko tasha? Kowa da hakkinsa a gidan nan ban da waɗanda aka haifa a ciki! Jikokinki ne fa, Dada!"

Na jira "ashe", ba ta zo ba. Ta kalli ƙasa ta ce, "Kin yi gaskiya." Na ɗauka yau za a sallami rabin gidan. Ina! Da la'asar sai na ga ana fito da gadonta na ƙarfe daga ɗakinta, ɗakin da ta zauna tun tana amarya. Ta sa aka share, ta kira 'yan matan ta ce, "Naku ne, ku sa sakata." Ita kuma ta kwashe tabarmarta da akwatinta ta koma sito, ita da Goggo, kusa da buhunan hatsi, inda ko taga babu.

Na bi ta ina cewa, "Dada, ba haka nake nufi ba. Baƙin za a rage."

Ta ce, "Wanne daga ciki? Nuna mini shi in je in gaya masa."

Na duba. Mai ƙafa a naɗe, mai jego, yarinyar da ta zo jarrabawa. Na kasa nuna kowa. Har yau ban ce ban yi daidai ba, ina da gaskiyata, 'ya'yana suna bukatar sutura. Amma abin da ke ci mini rai shi ne ni na ci faɗan, ita ta biya. A wannan siton ta ƙare kwanakinta, da zafin Jalingo da komai. Da ciwo ya kama ta muka yi juyin duniya ta koma ɗakinta, ta ƙi. Wai Goggo ba ta iya barci ita kaɗai.

Bayan addu'ar bakwai jama'a suka fara watsewa. Babu wanda ya jira ƙulli, kowa ya san mai ƙullawa ta tafi. A karo na farko tun da na zo gidan nan na shiga banɗaki ban tarar da layi ba, sai na tsaya a ciki ina kuka. Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan, ga shi ya zo, ba daɗi.

Yaya Babba, wan mijina da ke aiki a Yola, ya tara 'yan'uwansa a zaure. Ba mugu ba ne, kada a zalunce shi. Akwai ƙanwarsa da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, akwai wani da ke jinya, kowa yana jiran rabonsa, gida kuma ba ya yankuwa. Aka tsayar da magana za a sayar. Mu za mu koma haya, ciki da falo, ni da Auta da yara. Ni ba a tambaye ni ba, kuma ba a yi laifi ba, matar ɗa ba ta da baki a gadon uwar miji.

Aka zo kan Goggo. Yapendo ta ce ita ma a gidan ɗanta take raɓe, kuma me za ta ce wa mutanen Mutum Biyu, ta kawo musu wa? Mutanen Sarkin Dawaki suka ce da a ce jininsu ce ko da na nesa, da sun san yadda za su yi. Na kalli Auta, ya sunkuyar da kai. Da muka keɓe na ce masa, "Mu tafi da ita mana." Ya ce, "A ina za ta kwanta? 'Yan matan suna falo, mu da ƙananan muna ciki. Mai gidan hayar ma sai da ya yi tsaki da ya ji yawanmu." Na buɗe baki in ce a matsa kaɗan, sai na ga ba ni da inda zan ce a matsa zuwa.

Mun nema, wallahi mun nema. An gaya wa mai unguwa, an yi cigiya a masallaci. Na zauna da Goggo na lallaɓa ta, "Goggo, ina ne garinku?" Tsufa ya riga ya taɓa mata tunani. Ta ce, "Bayan dutse." Na ce wane dutse? Ta nuna gabas, an jima ta nuna kudu. A ƙasar nan tamu wane ƙauye ne ba ya bayan dutse? Na je wajen mai ƙosai, tunda ita ce ta fi kowa daɗewa a layin. Ta ce abin da ta sani kaɗan ne. Lokacin da mijin Dada yake kwance a asibiti, wata rana da yamma Dada ta dawo da wata mata a bayanta. Matar ba ta da kaya sai takalman namiji a leda, irin na saurayi, ta rungume su a ƙirji. "Na ce mata, Dada, wace ce wannan? Ta ce mini, baƙuwa ce, gobe za ta tafi. To kin ji goben."

Yaya Babba ne ya kawo dabarar tasha. Ya ce a kai ta babbar tasha da safe, lokacin da ake kiran garuruwa. Wataƙila ta ji sunan garinsu ta tuna, ko wani direba ya gane ta, ko ta ji masu yarensu. Sannan ya juyo gare ni, bai iya haɗa ido da ni ba, ya ce, "Matar Auta, ke kika san yadda Dada take ƙullawa. Ki ƙulla mata."

Na ce, "Yaya, mai wurin zuwa ake ƙulla wa."

Ya ce, "Na sani. To ki gaya mini yadda zan yi."

Na buɗe akwatin Dada na ɗauko ɗankwali, har yanzu yana ƙanshin man kaɗanyarta. Na zuba daddawa da kuka da ƙuli-ƙuli da sabulu, na kai na ajiye a kan tabarmar Goggo. Addu'a nake a raina Allah ya sa ta manta ma'anarsa, kamar yadda ta manta sunayen yarana, kamar yadda take mantawa ta ci abinci. Ta dubi ƙullin ta daɗe. Sannan ta tashi a hankali, ta naɗe tabarmarta, ta jingine a bango. Ta zo gabana, tsohuwar da ta isa ta haifi uwata, ta durƙusa ta ce, "Zan koma." Allah Sarki! Komai ya gudu daga kanta ban da wannan.

Da safe muka hau keke, ni da ita da Auta. Tasha ta cika maƙil, 'yan kamasho suna ta ihu. Muka bi motoci ɗaya bayan ɗaya. Zing, ta gyaɗa kai. Bali, ta gyaɗa kai. Mutum Biyu, Wukari, Lau, duk ta gyaɗa kai, tana murmushi irin na wanda ba ya son ya ba mutane wahala. Auta ya yi ta tambayar direbobi, tsofaffin cikinsu suka zo suka leƙa fuskarta, suka girgiza kai. Wata mai sayar da doya ta gwada ta da yarensu, wani ya gwada da nasa. Goggo ta kalle su kawai, ta ƙara matse ƙullinta. Rana ta yi zafi, na sama mata inuwa a gefen wata mota.

Wani ɗan kamasho mai furfura ya gaji da ganinmu muna zagaye. Ya zo ya tsuguna a gabanta, ya yi magana da taushi. "Mama, ki gaya mini, ni zan sa ki a mota da kaina. Ina za ki?"

Ta ce, "Gida."

"Madalla. Wane gida?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta. Ta ce, "Gidan Dada."

Auta ya juya baya ya rufe fuska da hula. Ni ban ɓoye nawa ba, a nan tsakiyar tasha na yi shi, mutane suna kallo. Muka tare keke muka dawo da ita Yelwa.

Yau gidan yana nan, amma ba namu ba ne. Mai saye ya zo ya zagaya, ya buga bango, ya ce shaguna zai yi, ya ba mu zuwa ƙarshen damina. Yaya Babba ya koma Yola, idan ya kira waya yakan tambayi kowa da kowa, sai a ƙarshe ya ce, "Ita fa?" In ce tana nan. Sai ya kashe.

Dada, ina jin haushinki, kuma ina kewarki, duka biyun a lokaci guda. Da kin gaya wa ko mutum ɗaya. Amma na san ki, a wurinki faɗar asalinta daidai yake da nuna mata hanya. Ya Allah, baiwarka ta yi rayuwarta tana matsawa don wani ya samu wuri. Ka gafarta mata, ka yalwata mata makwanci, ka ba ta wurin da ba mai ce mata ta tashi. Wanda duk ya taɓa kwana a gidan nan, idan wannan rubutu ya iske shi, ya yi mata addu'a. Idan kuma ya san wani ƙauye a bayan dutse da aka taɓa neman wata mata da ta kai ɗanta asibiti ba ta dawo ba, don Allah ya zo ya gaya mana.

Goggo ta ƙi kwance ƙullin, ta kuma ƙi shimfiɗa tabarmar da rana. Ta daina tambaya ko Dada ta dawo. Da gari ya waye takan fito bakin sito ta zauna a ƙasa, mayafi a kafaɗa, ƙulli a cinya. Idan na zo wucewa da tsintsiya sai ta ɗago ta ce, "Yau ne?"

In ce, "Ba yau ba, Goggo."

Jiya da na fito shanya na ga gero ya fara fitar da kai a gonar bayan layinmu.